Tsintsiyar da ta fi rumbu tsada

Shekarun baya, lokacin ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, a Tasawa, malaminmu na Faransanci ya shirya wani abu da garin bai saba gani ba, wato gwanjon zane-zane. Shekarar ce damina ta ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye bai yi ido ba. Da rani ya yi nisa kuma muka wayi gari rediyo yana ta kiɗan soja, aka ce sojoji sun karɓi mulki. Abin da na fi tunawa da shekarar shi ne gajiya. Mata su dawo daga rijiya su zube a inuwa ba mai magana, 'yan kasuwa su wuni suna korar ƙuda daga kayan da ba mai tayawa, hatta jakunan unguwarmu kukansu ya ragu.

Ina da wani aboki a lokacin, mutumin wani ƙauye kusa da Baudeta. Tare muka fara karatun gaba da firamare, shi ya bari a tsakiya ya kama zanen allunan shaguna. Duk wani kan mutum da ke ƙofar mai aski a garin a wancan zamani, da kifi ko kazar da ke gaban rumfar mai abinci, aikin hannunsa ne. Idan fenti ya rage a gindin gwangwani, sai ya roƙo guntayen katako wurin kafinta, waɗanda ba su wuce faɗin faifai ba, ya zana abin da ransa yake so. Bijimin sa yana jan guga a rijiya mai zurfi. Hannuwan mahaifiyarsa a cikin ƙwaryar jiƙon anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake komawa gare su idan hatsi ya ƙare. Wanda na fi so kuwa rumbun mahaifinsa ne. An ɗage murfinsa an ajiye a ƙasa, ga tsani a jingine, babu kowa a wurin. Bai zana cikin rumbun ba, amma duk wanda ya duba ya san babu komai a ciki.

A gidansu an cinye har irin shuka. Mahaifinsa ya manyanta, shi ne babban ɗa namiji. Wata rana ina tsaye ina kallonsa yana wanke burushi a cikin kananzir ya ce mini, “In ban samu abin sayen iri ba kahin ruwan farko, motar Kano zan bi. In kuwa na tahi, ba na jin zan dawo da wuri.”

Ni dai ba na so ya tafi. Da an tambaye ni dalili a lokacin, da na ce saboda garin zai yi asarar mai fasaha, kuma da na faɗe shi da Faransanci don ya fi nauyi. Gaskiyar ita ce shi kaɗai ne yake sauraron waƙoƙin da nake rubutawa har ƙarshe ba tare da ya yi dariya ba.

Ni na kai wa malaminmu labarin. Mushe muke ce masa, wato malam da Faransanci, kamar kowane malami. Ya taɓa zama a Yamai, a can ya ga ana gwanjon ƙananan zane-zane, abin ya zauna masa a rai. Ya yi mana bayani idonsa yana ƙyalli. A ɗaga abu, wani ya taya, wani ya ƙara, wani ya ƙara a kan wancan, har a kai inda ba mai iya wucewa. Ya ce a garin nan akwai ma'aikata masu albashi, akwai alhazai, kowa ya fitar da kaɗan, masu aikin hannu su samu na iri. Da yake zamanin soja ne, taro sai da izini. Ya yi ta zarya ofis har takalminsa ya gaji, daga bisani aka yarda, da sharaɗin za a turo soja ɗaya ya zauna a wurin.

Aka tara kayan a ajinmu. Akwai katakan abokina, akwai ƙore masu zane na wata mata daga Mayahi, akwai 'yan jakunkunan fata na wani tsohon baduku, da huluna na wani mai ɗinki. Da aka jera su sai teburin ya yi fili. Mushe ya dube ni ya ce ai ya taɓa ganin ina zane a bayan takardun jarrabawa, in kawo ɗaya a cike gurbi. Na kawo zanen itacen gawo da na yi da alƙalamin bik, wato biro. Ina son gawo tun ina ƙarama, don shi ne itacen da yake fid da ganye lokacin da kowa ya zubar da nasa, na kuma ɗauka na zuba duk wannan tunanin a cikin zanen. Abokina ya riƙe shi ya daɗe yana kallo, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, “Yana da rai.” Mutumin kirki ne.

A gida na yi wa mahaifiyata bayanin yadda gwanjo yake. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana matsar tunkuza tana saurarena. Ta ce, “To in na taya abu, sai wani ya zo ya ƙara bisa kaina, ina zaune ina kallo nai? Wanga wane irin rashin ta-ido ne?” Na ce, “Inna, haka tsarin yake.” Ta ce, “To, Allah ya ba da sa'a,” ta ci gaba da aikinta.

Ranar ta zo, bayan la'asar, a ƙarƙashin itatuwan bedi, wato dogon yaro, na farfajiyar makaranta. Zafin bazara ne, irin wanda ko iska ta taso sai ka ji kamar daga bakin murhu ta fito. Duk da haka mutane sun zo, har bencina suka kasa. Dattawa a gaba, ma'aikata a tsakiya, mata a baya da gefe. Sojan da aka turo ya zauna a kujera a ƙarshen layin gaba, ya ɗora hularsa a gwiwa. Saurayi ne siriri, da gani shi ma a gajiye yake.

Mushe ya ɗaga ƙwarya ta farko, yana riƙe da rula ta katako da zai buga a tebur. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gidan waya ya taya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, don dai a buɗe. Mushe ya ce, “Madalla! Wa zai ƙara?”

Shiru. Kowa ya sunkuya yana duban takalminsa. A kusa da ni akwai wata ungozomar asibiti wadda tun da ta iso take cewa ƙwaryar nan tata ce. Na taɓa ta na ce, “Anti, ki ƙara mana.” Ta zaro ido ta ce a hankali, “Ke, Baba ya riga ya taya. In shiga cinikinsa?”

Mushe ya ƙirga da Faransanci, ya jira, ya sake jira, ya buga rula. Haka ƙwarya ta biyu ta tafi, haka jakar fata. Ya ajiye rular ya sake bayani da Hausa, ya maimaita da Faransanci, har ya ce ya tambayi malamai sun ce gwanjo daban yake da shiga cinikin wani, babu laifi a cikinsa. Jama'a suka gyaɗa kai. “Gaskiya ne, Mushe.” “Wannan haka yake.” Ya ɗaga hula, wani ya taya, aka sake yin tsit.

Can sai abin ya ɗauki wani salo da ya fi na farko ciwo. Mutane suka fara bar wa juna cikin mutunci. “Alhaji, kai ɗauki wannan, na bar maka.” “A'a, Malam, kai ka fara dubansa.” “To ni na gaba nawa.” Gwanjon Mushe ya koma kamar watanda, kowa ya ɗauki kasonsa a farashin da aka fara faɗa, ana ta yi wa juna godiya. Haka zanen abokina na sa mai jan guga ya tafi. Haka hannuwan mahaifiyarsa suka tafi, a kuɗin da bai fi na tiyar gero ba. Yana tsaye jingine da bedi, hannuwansa a baya, duk wanda ya ɗauki katakonsa sai ya rusuna ya ce, “Na gode, Allah ya amfana.”

Aka zo kan rumbu. Da Mushe ya ɗaga shi, wurin ya yi wani irin shiru na daban. Na ga wata tsohuwa ta kawar da kai. Ba wanda ya taya, kamar kowa yana jin nauyin sa wa abin farashi. Mushe ya roƙa, ya sake roƙo. Sai sojan nan, wanda tun ɗazu idonsa yake kan katakon, ya ɗaga hannu ya faɗi wani ɗan abu don ya taimaka a fara.

Idan dattijo ya taya ba a ƙara ba, ina ga mai kaki a shekarar da kaki ke mulki? Ko tari ba wanda ya yi. Sojan da kansa ya juyo ya dubi jama'a ya ce, “Don Allah ku ƙara mana. Ni buɗewa kawai na yi. Ni ma ɗan manomi ne, na san abin ga ya fi haka.”

Dattijon gidan waya ya ce, “Ranka ya daɗe, ai ka riga ka taya. Allah ya sa albarka.”

Mushe ya buga rula kamar mai bugun kansa. Sojan ya karɓi katakon, ya je har gindin bedi ya laluba aljihu zai ƙara wa abokina wani abu. Abokina ya girgiza kai ya ce, “An sallama, yallaɓai. Abin da aka sallama an sallama.”

Ni a lokacin na gama sarewa. Ban ma lura cewa abu ɗaya ya rage a teburin ba sai da na ji Mushe yana cewa da murya a dushe, “Na ƙarshe, itacen gawo, aikin ɗalibarmu.”

A layin gaba akwai wani Alhaji mai shagon hatsi, wanda tun da aka fara yake cin goronsa bai taya komai ba. Taubashin mahaifiyata ne, mahaifinsa da mahaifiyarta ciki ɗaya suka fito. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin sun haɗu sun rabu ba tare da sun yi wa juna tsiya ba. Shi yana ce mata baiwarsa, ita tana ce masa sarkin ɓeraye. Ya karkata kai ya ce, “Gawo? Mushe, juya shi dai mu gani. Wagga ai tsintsiya ce anka kafe a ƙasa. Ɗiyar wa ta yi ta?”

Aka faɗa masa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

“Ashe ɗiyar baiwata ce! To na taya. In rataye ta a shago, in uwar ta zo ta ga kayan aikinta.”

“Ba a kai aikin ɗiyata inda ɓeraye ke taron suna. Na ƙara!”

Muryar Inna ce daga can baya. Ban san ta zo ba. Ashe maƙwabta ne suka ce mata za a ɗaga zanen ɗiyarta a gaban jama'a, ta yafa mayafi ta taho, ƙamshin man gyaɗa yana binta. Mutane suka juya gaba ɗaya. Mushe ya tsaya da rula a sama, bakinsa a buɗe.

Alhaji ya ce, “Ke da wane kuɗɗi? Na ƙuli?”

“Na ƙulin da kake aikowa a sayo maka a ɓoye, haƙoran nan biyu da sunka rage maka suna ta kuka.”

“Na ƙara!”

“Ni ma na ƙara. Mushe, ɗaga ta da kyau ya gani, idonsa sai mudu yake ganewa.”

Wurin ya kece da dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba a garin. Tsofaffin da suka wuni suna duban takalmi suka miƙe zaune, ana zuga wannan ana zuga waccan. Ba wanda ya ga laifin Inna, don kowa ya san taubashi ba a jin kunyarsa, shiga cinikinsa ma wani ado ne na zumunci. Har sojan na gani yana dariya, rumbun abokina yana kan cinyarsa. Suka yi ta hawa, ita ta ƙara, shi ya ƙara, har suka wuce kuɗin rumbu, suka wuce na sa da na hannuwa a haɗe. Daga ƙarshe Alhaji ya tashi tsaye, ya gyara babbar riga, ya ce, “Buhun gero! In kin isa ki ƙara.”

Buhun gero, a wannan shekarar. Dariya ta tsaya cak.

Inna ta gyara mayafinta a natse ta ce, “Na bar maka. Ka tahi da tsintsiyar, ka share wurin da buhun ya tashi.”

Rular Mushe ta sauka da ƙarfi a karon farko. Daga baya Inna ta faɗa mini abin da ke ƙulle a bakin zanenta ranar ko tayin farko bai kai ba.

Ana cikin shewa na juya ina neman abokina. Yana tafi tare da kowa, yana dariya, ga fenti a ƙarƙashin faratansa. Sai na ga tafin ya yi sanyi a hankali, ya mayar da hannuwansa baya, ya tsura wa ƙasa ido. Duk katakansa a haɗe ba su kawo rabin abin da tsintsiyata ta kawo ba.

Da aka watse na same shi yana taya Mushe kwashe bencina. Na ce, “Buhun naka ne. Ai don kai aka yi taron.”

Ya ce, “Ba ni na zana ta ba.”

“Ka san ba don zanen aka saya ba.”

“Na sani.” Ya ajiye bencin ya yi ɗan murmushi. “Ni dai ba ni da taubashi mai shagon hatsi.”

Na kai wa Inna ƙara ina kuka. Ta saurare ni har na gama. Ranar kasuwa ta sa aka ɗora buhun a motar da ke bi ta Baudeta, ta aika wa mahaifiyarsa da gaisuwa. Ta ce mini, “Wannan tsakanina da uwarsa ne, ba ruwanki, ba ruwansa.” Na yi murna, na ɗauka magana ta ƙare. Ya ce iri yake nema, ga iri ya samu.

Bai fi mako ba abokina ya yi sallama a zaurenmu da 'yar jakarsa a kafaɗa. Ya durƙusa ya gode wa Inna, ya daɗe yana godiya. Ya ce ƙannensa za su taya tsoho shuka, shi zai leƙa Kano, an ce masu fentin manyan motoci suna neman hannu. Na raka shi bakin ƙofa na ce, “Ai ka ce in an samu iri za ka zauna.” Ya ce, “Na ce in na samu.” Sai ya ƙara da cewa in ci gaba da zanen gawo, amma in riƙa sa masa reshe ko ɗaya a ƙasa, don a daina yi masa sharri. Ruwan farko ya sauka bayan tafiyarsa da 'yan kwanaki. Geron ya yi kyau a shekarar, mahaifiyarsa har ta aiko wa Inna da dami.

Bai dawo ba. Tun ana jin labarinsa a bakin 'yan ci-rani har aka daina. Sojoji suka mayar da mulki, na tafi karatu na dawo, Alhaji ya rataye zanena a shagonsa yana nuna wa Inna duk ranar da ta wuce, har Allah ya karɓi abinsa.

Wata rana da azahar ina tashar Tasawa ina jiran mota, wani kamiyo, babbar motar kaya, mai lambar Najeriya ya tsaya a gabana. A ƙyauren bayansa an zana gawo, na gaske, kore shar a tsakiyar busasshen fili. A gindinsa kuma an jingine wata 'yar tsintsiya. Na tambayi direban wa ya yi masa. Ya ce wani mai fenti ne a Kano, in dai ya ji mota Nijar za ta, sai ya sa mata wannan, kuma ba ya karɓar ko sisi a kansa. Ban tambayi sunansa ba. Na koma na zauna a benci ina kallo har suka gama shan ruwa suka tashi.

Na daɗe ina jin haushin mutanen garinmu a kan wannan rana, yanzu na daina. Kunyar da ta hana su ƙara tayi a kan dattijo ita ce ta hana su ture juna a bakin shagon hatsi a shekarar, na kuwa ga amfanin hakan da idona. Sai dai na san kowa a wurin ya ga darajar rumbun nan, kowa ya yi shiru cikin ladabi, ladabin kuma bai isa ya riƙe abokina ba. Shi ya sa yau idan na ga wani ya shimfiɗa ƙananan ayyukan hannunsa a bakin hanya, ba na neman ragi, kuma idan abin ya yi kyau nakan faɗa masa da baki, a gaban mutane.

Na daina zane tun tuni, garin bai yi asarar komai ba. Amma har yau idan babbar mota ta wuce ni a hanyar Maraɗi, komai gajiyar da nake ciki, sai na juya na dubi bayanta.